Bakin Da Ya Karkace

Wallahi ban murguɗa wa uwar saurayina baki ba! Bakin ne ya karkace da kansa.

Ranar ce Dogo ya fara kai ni in gaishe ta. Na durƙusa a falonta, ta miƙo min kofin ruwa, sai hannuna na dama ya mutu murus. Kofin ya tarwatse a gabanta. Na buɗe baki in ba da haƙuri, harshe ya ƙi juyawa.

"Umma, kin gani?" in ji 'yar ƙanwarta, wadda dama ta daɗe da ɗora ido kan Dogo. "Har murguɗa miki baki take yi!"

"Fitar min da ita," Umma ta ce.

Kafin mu kai mota na dawo garau, sai kuka. Aurena ya rushe tun ba a ɗaura ba.

"Kai ni gida... ya wuce," na ce wa Dogo.

"Asibiti za mu, hasken idona."

"Na ce ya wuce!"

"Baƙon da ya tafi bai yi sallama ba, dawowa zai yi."

Bayan gwaje-gwaje likita ta zaunar da mu.

"Jini ne ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne. Wasu kitse ke cushe musu jijiyar wuya, wasu hawan jini ke lalata musu ƙananan jijiyoyi. Ke kuwa zuciyarki ce ke bugawa ba daidai ba, har ta harba ɗan gudan jini sama."

"Likita, ni ne sanadi," in ji Dogo, har da dafa ƙirji.

Na harare shi, amma dariya ta ci ƙarfina.

Washegari ina kwance a gadon asibiti, Dogo na gefena, aka turo ƙofa. Umma ce! Na yunƙura zan sauko, ta dafa kafaɗata.

"Ya faɗa min komai." Ta zauna a bakin gadon. "Haka ya faru da babansa. Baki ya karkace, ya dawo, muka ce gajiya ce. Sati bai zagayo ba ya faɗi... bai ƙara kiran sunana ba."

Hawayenta suka sauka a hannuna.

"Umma, ki yafe min..."

"Ni za ki yafe wa, 'yata." Ta juya ga Dogo. "Kai kuma, je ka sanar da kawunanka a sa rana. Miƙo min maganinta, daga yau ni zan riƙa ba ta da hannuna."