Tarwaɗar da Isiyaku Ya Kamo

Ai kun san mutanen Riyad da ruwan sama. Mu a gida hadari na haɗuwa kowa ɗaki yake nema, su kuwa yayyafi na farawa sai a loda yara a mota a yi bayan gari shan iska. To wata Juma'a bayan la'asar ruwa ya sauko, Isiyaku direba ya ce yau su ma sai sun ɗana. Ya kwaso matarsa Turai da 'yarsu Raliya daga unguwarsu Gubaira, da darduma da ɗan risho, suka yi kudu, wani kwari da ya sha gani a hotuna.

Wajen kam a ido ba a magana. Duwatsu ne dogaye dama da hagu, ruwa ya miƙe a tsakaninsu kamar titi. Matsalar hanci ce. Turai na buɗe ƙofar mota ta ja mayafi ta toshe. Ɗoyi wallahi kamar kwatar mahauta ta kwana, ga ƙarni. Ta lura Larabawan duk can sama suka yi shimfiɗa, ba wanda ya sauka bakin ruwan. Da ta yi magana mijin ya ce son jiki ne kawai irin nasu.

Yana sauka ya ga tarwaɗa. Manya-manya, baƙaƙe, sun cunkushe a gefe suna hawan juna, ko gudu ba sa yi. Mutumin da rabonsa da farfesun tarwaɗa tun barinsa Yawuri fa. Ya naɗe wando ya rungumo ɗaya. Wani dattijo daga sama ya yi ta ɗaga hannu yana cewa ba a taɓa kifin nan, Isiyaku ya yi dariya ya ce su dai ba su san daɗi ba.

Turai ta rantse ba za ta gyara ba.

"Haba Maman Raliya, in ya sha wuta da yaji wace ƙazanta ce za ta rage?"

Haka ta tsuguna tana yatsina fuska. Yauƙin kifin ɗumi gare shi, kamar majina. Ta sa masa wuƙa a ciki.

Kifin ya yi tari. Tari irin na mutum.

Abin da ya zubo ba hanji ba ne. Gashi ne curi guda, jiƙe sharkaf, har da kitsonsa. Ta juya za ta ce wa Raliya kar ta kalla.

Ba Raliya a kan darduma.

Magariba ta kawo kai. Motocin sama duk sun watse. Yayyafi kawai, tif, tif, a kan murfin tukunya. Can ƙasa ta jiyo muryar yarinyar tana hira da Larabci, dama a nan aka haife ta, shi ya fi zama a bakinta.

Raliya na tsaye, ruwa iya gwiwa. A gabanta wata mata ce cikin baƙar abaya da niƙabi, tana ɗebo wani abu daga ƙasan ruwa tana tura mata a baki. Yarinyar na tauna.

Turai ta faɗa ruwan. Taɓo ya kama ƙafarta, wasu abubuwa masu sulɓi na goga mata ƙwauri. Ta damƙi hannun 'yarta.

Matar ta riƙe ɗayan.

A ƙarƙashin niƙabin wani abu na motsi. Dogayen gashin baki ne irin na tarwaɗa, suna leƙowa suna shafa kumatun Raliya.

Matar ta yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausa tsantsa.

"Kin farke nawa. Bar min naki."

Turai ta buɗe baki za ta yi Ayatul Kursiyyu, warin ya cika mata maƙogwaro. Da ƙyar ta iya cewa, "Baban Raliya, dawo mata da shi."

Isiyaku ya sheƙo da kifin, cikinsa a buɗe, gashin na reto. Ya wurga. Matar ta saki yarinyar ta cafe shi hannu biyu, ta ƙanƙame a ƙirji, ta nutse a tsaye.

Ko kumfa.

A mota Turai ta zira yatsa tana ƙwaƙulo baƙin taɓo daga bakin Raliya, da tsutsotsi suna motsi a ciki. Wani kam ya riga ya wuce cikinta.

Yarinyar dai tana nan, har ta shiga makaranta. An yi ruƙiyya, an sha zamzam. Amma ko da wane sabulu aka wanke ta ƙarni take yi, sai da malamarsu ta ware mata kujera. Duk ranar da aka yi ruwa kuma, gari na rububin fita, Turai tsumma take nema ta toshe magudanar banɗaki. Don ta taɓa samun Raliya kwance a wurin, kunnenta a kan ramin, tana cewa a hankali, "Na'am, Inna."