Kwamfutar Da Ba Ta Tashi Da Safe

Ranar da Fatihu mai gyara ya fara shiga shagon Muhsina, a zauren gidansu da ke Kunci, laka ce har gwiwarsa, don daga Minjibir ya taso a babur cikin damina. Ya same ta ta yi tagumi gaban kwamfutar da take buga wa ɗalibai takardu. In an danna, fanka ta ɗan juya ta tsaya, allo baƙi ƙirin.

Ya zare wayoyin ciki ya mayar, ta tashi lafiya lau. Da suka haɗa ido kuwa, har sukundirebansa ya manta a kan tebur.

Kashegari kwamfutar ta sake ƙi. Kullum da safe sai ta ƙi, in ya iso da azahar ta tashi kamar ba ita ba. Ya canja waya, ya canja akwatin wutarta, duk a banza. Ya rame, babur ya jigata, soyayya ce kaɗai take ƙiba.

"Sanyin idona," ya rubuto mata, "na gaji da hanyar nan, amma ban gaji da inda take kai ni ba."

"Sannu, Injiniyana. Ni ma na gaji. Baba ya ce kada ka ƙara zuwa."

Malam Mati, mahaifinta, ya riga ya yanke hukunci: da gangan yaron nan yake sassauta waya don ya samu hanyar zance. "Maha'inci ba zai auri 'yata ba," in ji shi. Ga Kamilu mai hatsi a Dawanau yana ta aiko gaisuwa.

Muhsina ta yi kuka har ta gaji. Wata safiya ta yi sammakon fitowa zaure, sai ga Baba tsugune bayan kwamfutar, yana jona mata tocilarsa da rediyo da wayoyin duk abokan majalisarsa, yana rufewa da buhu.

"Baba, mene ne haka?"

"Caji mana. Ke kaɗai ce mai sola a unguwar nan. In na dawo daga gona da hantsi kina wajen girki nake kwashewa."

Ta zare su duka ta danna, kwamfutar ta tashi. Ta mayar, ta ƙi. Nauyin ne ya fi ƙarfin akwatin wutar.

Malam Mati ya cire hula, ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Ashe ni na yi ta wahalar da ɗan mutane. Ki ce ya turo magabatansa. Kuma ya biyo ta kwalta, lakar ta ishe shi haka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da mata suka buɗe lefe, a saman atamfofi sai ga doguwar soket mai baki da yawa. Ba ta amarya ba ce, ta Baba ce.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.