Faranti Mai Jan Rubutu

Ranar Litinin da safe, Dakta mai binciken sinadaran abinci ta kira ofishin 'yan sanda. An sace faranti guda na tsiron nan da ake kira naman kaza daga firjin ɗakin gwajinta.

Sufeto ya iso yana danne dariya. A kan wannan ɗan tsiro mai kama da lema za a taso shi?

"Faranti biyu ne, Sufeto," in ji Dakta. "Ɗaya na ci ne, akwai furotin, bitamin B da sinadarin ƙarfe, ga shi ba kitse. Ɗayan kamarsu ɗaya sak, amma guba ne, shi ya sa na yi wa farantinsa gargaɗi da jan rubutu. Hanta yake ci, kuma dahuwa ba ta kashe gubar. Shi aka ɗauka."

Nan take dariya ta koma ciki. Dole a gano farantin nan kafin ya shiga cikin wani.

Ba a fasa ƙofa ba, ke nan ɓarawon mai makulli ne. Maigadi ya rantse bai ga kowa da kaya ba. Sufeto ya kafe shi da ido har maigadin ya sunkuyar da kai.

"To... ranar Juma'a Mama mai shara ta fita da bokiti a rufe. Tausayinta na ji, yallaɓai."

Sufeto ya juya. "Dakta, ta taɓa tambayarki amfanin abin nan?"

"Sau ɗaya. Wai ko yana ƙara jini. Na ce yana taimakawa."

A baranda ya sami dattijuwar tana matse tsumma.

"Ni ko firjin ban taɓa ba, yallaɓai."

"Mama, abin da aka ɗauka guba ne. Wa ya ci?"

Tsumman ya suɓuce mata.

"'Yata. Tun da ta haihu jini ya ƙi zama a jikinta. Ban iya karatu ba, na ga mai jan rubutu, na ce ja ai na jini ne. Ta yi ta amai, amma jiya ta ce da sauƙi!"

Wayyo! Rashin sani ya fi dare duhu.

Da motar 'yan sanda aka kai 'yar asibiti, idanunta sun yi rawaya. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Sufeto bai sa wa Mama ankwa ba, hannunta kawai ya riƙe zuwa mota, shi ma idonsa ya kawo ruwa. A bakin ƙofar motar ta tsaya.

"Ta cinye tas, yallaɓai, har ta ce in ƙara mata. Ni ko ɗanɗanawa ban yi ba, don ya ishe ta."