Majigin da Aka Tsallako da Shi Daga Benin

Haliru mai gidan kallon ƙwallo a Bagudo yana shirin rufewa bayan isha'i, sai wani tsoho ya shigo ba sallama, rungume da na'urar majigi mai tsatsa. Ya ce daga Benin ya tsallako.

"Fim ɗin soyayya ne mai ban dariya, na Amurka, tun zamanin da fim ba ya magana," in ji tsohon. "Masu shi sun ce ya ɓace. Ara mini bangonka, ɗana."

Bai jona na'urar da wuta ba, amma haske ya bayyana a bango. Wani Bature ango ya biyo amaryarsa da furanni, ya zame ya faɗa cikin kwatami. Haliru ya tuntsire da dariya, sai dai bai ji muryarsa ba. Ƙarar janareto ma ta ɗauke.

Ya hango matarsa Tasallah a bakin ƙofa da kwanon tuwo, tana leƙe kamar ɗakin ba kowa. Ya ƙwala mata kira, ko waigowa ba ta yi ba. Ya yunƙura zai tashi, benci ya riƙe shi. Jar rigarsa ta koma ruwan toka, irin launin mutanen cikin fim ɗin.

Da ya sake duban bango, sai ya ga wani mai hular Hausa cikin Turawa 'yan biki, shi kaɗai ba ya dariya. Sufyan masunci ne, ɗan garinsu da ya ɓace har aka yi masa zaman makoki bara. Yana kallon Haliru, yana matsa masa wuri.