Makarantar Da Kowa Ya Ce Ba Tasa Ba Ce

A barandar kotu ya fara ganinta a tsakiyar yara, hannuwanta na ta zuba magana, bakinta a rufe. Malama ce a makarantar kurame. Shi kuwa ƙaramin lauyan gwamnatin jiha ne, baƙar rigar ma ta yi masa yawa. Ya saki baki yana kallonta har takardunsa suka zube, yaran suka kwashe da dariya.

"Sun ce ka rufe bakin, kada ƙuda ya faɗa," in ji ta.

Shari'ar kuwa abin takaici ce. Rufin makarantar ya ruɓe har ana shirin rufe ta, iyaye suka kai ƙara. Gwamnatin tarayya ta ce alhakin jiha ne, jiha ta ce tarayya ce ta gina ta, ita za ta riƙe. Aikinsa shi ne ya gamsar da alƙali cewa yaran ba na jiha ba ne.

Duk ranar da aka ɗage shari'a, sai ya zauna a benci yaran na koya masa maganar hannu, suna buge masa yatsu in ya kuskure. So kuwa ba ya neman izini.

"Malamata, yau na koyi 'ina sonki'. Yaranki sun ce kamar mai korar kaji nake yi," ya tura mata a waya.

"Lauyana, gyara hannun tukuna, sai mu duba zuciyar."

Amma mahaifinta shi ne hedimastan makarantar, a can ya yi furfura. Da maganar aurensu ta je gabansa, ya ɗaure fuska.

"Wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce yarana ba su da mai su, shi zan ba 'yata? Ga ɗan ƙanwata nan yana jira."

"Baba, aiki aka sa shi."

"Ni ma aikina nake yi."

Ta rubuta wa lauyan tana kuka: "In kana sona, ka ajiye shari'ar nan."

"Malamata, ko na ajiye wani zai ɗauka, ba abin da zai canja. Kuma rantsuwa na yi."

Ta ɗauka ya zaɓi aiki ya bar ta, ta daina amsa kiransa. Duk suka rame.

Ranar hukunci, alƙali ya ce tsarin mulki ya yi maganar ilimi, amma bai ba kotu ikon tilasta wa kowace gwamnati riƙe makarantar ba. Ya kori ƙarar.

Malamar ta miƙe gaban yaran don ta fassara musu. Ta ɗaga hannuwa, ta kasa. Yaran suka zuba mata ido, wasu har da murmushi, sun zaci an yi nasara.

Ogan lauyan na miƙo masa hannu don taya shi murna, bai karɓa ba. Ya taka har gaban yaran, ya durƙusa da rigarsa, ya ɗaga hannuwan nan nasa na korar kaji.

"Za a rufe makaranta. Da bakina aka yi. Ku yafe min."

Wata yarinya ta matso ta gyara masa yatsa a kan "yafe", sannan ta fashe da kuka.

Hedimasta ya daɗe yana kallonsa. A hanyar gida ya ce wa 'yarsa, "Duk lauyoyin nan, shi kaɗai ya faɗa musu da harshensu. Ki ce ya turo manyansa."

An ɗaura auren kafin iyaye su kwashe yaransu, a bakin ƙofar makarantar da aka sa wa kwaɗo. Yaran suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, tafinsu ke nan. Amarya da ango na hawaye.

Tsohon ya dafa su.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'yan da ba wanda zai taɓa cewa ba nasa ba ne."