Mai Kula da Dogon Ƙarfe

An yi wani gari can bayan duwatsu, inda mutane suka haɗa hannu suka kafa dogon ƙarfe mai ba da intanet kyauta. Suka ce na kowa ne, har baƙo mai wucewa. Suka naɗa wani mutum ya riƙa goge farantin sola, yana kula da na'urar.

Kullum sai ya ga jama'a zaune a gindin ƙarfen, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, ba mai ce masa ko sannu. Abin ya riƙa ci masa rai. Sai ya sa lambar sirri, ya ce wanda ya durƙusa ya gaishe shi ne kaɗai zai samu.

Ran nan wata tsohuwa ta zo da wayar aro, tana dogara sanda. Ta ce, "Ɗan nan, buɗe mini. Autana yana kwance a asibitin birni, ina so in ga fuskarsa."

Ya jira ta durƙusa. Gwiwoyinta kuwa sun daɗe da daina lanƙwasuwa. Ya ce, "Ki dawo gobe, Iya."

Kashegari ta dawo. Ya ce, "Ki dawo gobe, Iya."

Rana ta uku ba ta zo ba. Da hantsi ya hangi ana shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gidanta. Ya cire lambar, ya je ya durƙusa a gabanta.

Ya ce, "Iya, na buɗe."

Ta dube shi, ta ce, "Wa kuma zan kira, ɗan nan?"