Takardar da Auta Ta Canza

Auta na zaune a bakin gado, abincinta ya huce a kwano ko taɓa shi ba ta yi ba. Carbin rozari na hannunta, amma tun ɗazu yatsunta na kan ƙwaya ɗaya. Yayarta ta shigo da kayan wanki a kafaɗa, ta tsaya tana kallonta.

"Ke wai lafiyarki? Kwana takwas ke nan kina dawowa daga coci kamar wadda aka yi wa rasuwa. Dogo ne ya ɓata miki rai?"

"Dogo bai yi mini komai ba, Yaya. Ni ce na tafka abin kunya."

Dogo mai gyaran babura ne, shekara biyu yana neman Auta. Kowa ya yaba da haɗin, ban da mahaifiyarsa, tsohuwar da ke jan mata addu'ar rozari a cocinsu na Katolika. Ta ce ba za ta haɗa jini da gidan mashayi ba. Gaskiya kuwa baban Auta yana sha, an sha ɗauko shi daga bakin kwata a kawo shi gida, kuma tun tana ƙarama wannan abin ke sa ta tafiya kai a sunkuye. Shi Dogo ya rantse ba zai yi aure ba da albarkar uwarsa ba, ba kuma zai auri wata ba. Haka maganar ta tsaya cik.

Sai aka fara novena, addu'ar kwana tara ta neman roƙon Uwa Maryamu. Akwai akwati a gindin siffarta. Duk mai damuwa ya rubuta a takarda ba suna ya jefa, kullum da yamma a karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, jama'a su amsa, "Uwar jinƙai, ki yi roƙo dominmu." Katikis, mai koyar da addini a cocin, shi ne ya saba karantawa, amma an yi masa aikin ido, sai Fada, limamin cocin, ya miƙa wa Auta aikin saboda malamar makaranta ce.

"Ran farko na buɗe wata takarda," in ji Auta. "An rubuta, Uwa Maryamu, ki raba ɗana da 'yar mashayin nan. Na san rubutun Maman Dogo, Yaya, manyan baƙaƙen nan nata masu karkata."

"Tabɗi! Kika karanta?"

"Na buɗe baki, sai na ji ina cewa, Uwa Maryamu, ki sa albarka a auren ɗana. Jama'a suka amsa. Kullum haka nake yi — kwana takwas!"

Yaya ta saki kayan wankin ta kwashe da dariya. "Auta! Takardar da aka aika wa Uwar Allah kika yi wa gyara? Kin ɗauka littafin 'yan ajinki ne?" Da ta ga hawaye na zuba, dariyar ta tsaya. "Ita tsohuwar fa?"

"Tana benci na gaba. Ba ta ce komai ba, kallona kawai take yi. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi."

Washegari da ta tashi daga makaranta ta biya ta garejin Dogo. Yana ganinta ya ajiye sufana, ya goge baƙin mai a wando, bakinsa har kunne.

"Madam! Kin ji abin da na ji kuwa? Takardar nan ta auren ɗa — na tabbata ta Mama ce! Jiya har durƙusawa na yi na gode mata. Ba ta amsa ba, amma kin san halinta, ba ta son a ga ta sauko."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta gaya masa komai, idonta na kan tsoffin tayoyin da ke jibge a gefe. Dogo ya zauna a kan wata taya yana kallonta.

"Wato a gaban Mama na durƙusa ina gode mata kan abin da ba ta rubuta ba?"

"Sori, Dogo. Ka yafe mini."

Ya sauke numfashi. "Oke, ya wuce. Yau ce ta ƙarshe, ki ƙarasa yadda kika fara, kowa ya watse. Filis, kada ki tona wa kanki asiri. In kin karanta ainihin abin, duk cocin nan za su san da ke ake."

Auta ta yi masa sallama. Ta wuce coci tun kafin lokaci, ta tarar Fada na zaune yana jin masu furta zunubi, ta durƙusa ta zazzage masa cikinta.

"'Yata," in ji shi a hankali, "roƙon tsohuwar nan bai yi kyau ba, amma nata ne, ba ke aka aika wa ba. Kin ji tsoro ne kada Uwa ta ji shi ta juya miki baya. Wace uwa ce za a kawo mata ƙarar ɗanta ta manta ita ta haife shi? Ke ma ai 'yarta ce."

Yamma ta yi, coci ya cika. An kunna kyandir a gaban siffar, aka gama rozari, Auta ta ɗauki takardun. Ta karanta ta mai neman aiki, ta mai neman haihuwa, ta wadda mijinta ke kwance asibiti. Sai ta zo kan waccan. Ta matso da lasifika kusa da bakinta.

"Kafin in karanta wannan," ta ce, "ina neman gafara. Kwana takwas ina canza ta. Na yi wa mai ita ƙarya, na sa ku duka kun amsa ƙarya. Ga abin da aka rubuta." Ta ɗaga takardar. "Uwa Maryamu, ki raba ɗana da 'yar mashayin nan."

Coci ya yi tsit. Babu wanda bai gane ba, babu kuma wanda ya iya buɗe baki. Can baya Dogo ya dafe kai. Auta ta jira, ta ga ba mai amsawa, sai ta amsa ita kaɗai cikin kuka.

"Uwar jinƙai, ki yi roƙo dominmu."

"A'a! Kada ki amsa!"

Mahaifiyar Dogo ce ta miƙe, tana dafe da benci, carbinta na lilo a hannu.

"Takardar tawa ce. Shekara talatin ina jan rozari, ina roƙon a ji tausayinmu mu masu zunubi, ashe ban san abin da bakina ke faɗa ba. Kwana takwas yarinyar nan tana rufa mini asiri, ni kuma girman kai ya hana ni magana, ina jira in kama ta da ƙarya. Yau na ji maganata a bakin wani, ban taɓa jin abu mai muni irinta ba." Ta tako har gaban Auta ta karɓi takardar. "Ke kike shan giyar? Me kika yi mini?"

Auta ta zube a gabanta. "Ki yafe mini, Mama."

"Tashi, 'yata, kada ki ƙara mini kunya. Ni ce mai neman yafiya." Ta juya ga jama'a, hawaye na bin kumatunta. "Ban iya rubutu da sauri ba, don haka da baki zan faɗa. Uwa Maryamu, ki sa albarka a auren ɗana da wannan yarinya. Ki kuma tuna da mahaifinta, surukina."

Amsar da jama'a suka yi sai da aka ji ta a titi.

Bayan wata huɗu aka ɗaura auren. Baban Auta bai rabu da kwalba dare ɗaya ba, amma ranar shi ya riƙo hannun 'yarsa har gaban bagade inda Fada ke jiransu, idonsa garau, ƙafarsa ba ta tangaɗi.

To, 'yan mata da samari, ku riƙe wannan. Auta ta yi kwana takwas tana ƙoƙarin ƙwato aurenta da ƙarya, ba ta samu komai ba sai ramewa. Ranar da ta haƙura ta faɗi gaskiyar da ke iya raba ta da wanda take so, ranar aka ba ta shi. Ku kuma iyaye, kada ku kai wa Uwar jinƙai roƙon da za ku ji kunya in an karanta shi a gaban mutane.